Goge da Banjo a Bakin Daga: Tarihin Kiɗan da Nake Jira a Fim ɗin Cold Mountain

Gabatarwa

A hutun da ya wuce wani malaminmu ya ara mini wani littafin ƙagaggen labari na Turanci mai suna Cold Mountain, wanda Charles Frazier ya wallafa a shekarar 1997. Ya ce in karanta kafin ƙarshen wannan zango, domin kwamitin wasannin ƙungiyarmu ya shirya nuna fim ɗin da aka yi a kan littafin. Fim ɗin ya fito a watan Disamba na 2003, watau kusan tsarana ne, amma har yanzu ban gan shi ba. Faifan waƙoƙinsa ma da gangan na ƙi saurara, don ina so in fara jin su a wurin da aka ajiye su cikin labarin. Abin da na yi kurum shi ne na duba jerin sunayen waƙoƙin, sa'an nan na bi sawun kowace iri don in san inda ta fito.

Dalilin wannan wahala kuwa shi ne, littafin cike yake da kiɗa, amma takarda ba ta da murya. Marubuci yana iya cewa wane ya ɗauki goge ya yi wani take har mutane suka yi kuka, mai karatu ya cika sauran da zuciyarsa. Mai shirya fim ba shi da wannan mafaka. Dole ya zaɓi take guda, da murya guda, ya ce wa duniya ga abin da mutanen 1864 suka ji. Ta nan ne tarihi yake shiga, ta nan ne kuma ake iya yi masa ƙarya. Ga abin da na samo, don wanda zai zo kallo ya zo da kunnensa a buɗe.

Yaƙin da ya haifi labarin

An yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle daga tarayya, kuma tushen rigimar shi ne bauta, domin a ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4. An daɗe ana cewa mutum 620,000 suka mutu a yaƙin, masu bincike na baya-bayan nan kuwa sun kai adadin wajen 750,000.

Jihar Karolina ta Arewa, inda labarin ya faru, ta ɓalle a watan Mayu na 1861. Yammacin jihar duwatsu ne, ɓangaren jerin tsaunukan Afalashiya, kuma dutsen da aka sa wa littafin sunansa yana nan har gobe, tsawonsa ya haura ƙafa 6,000. Akasarin mazauna wurin ƙananan manoma ne waɗanda ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. A watan Afrilu na 1862 gwamnatin Kudu ta kafa dokar ɗaukar soja dole a kan maza masu shekara 18 zuwa 35. A watan Oktoba na wannan shekara aka ƙara wata doka da ta yafe wa Bature ɗaya zuwa daga a kowace gona mai bayi 20. Nan fa talakawa suka fara gunaguni, suna cewa yaƙin na masu hali ne amma jinin na matalauta. Gudu daga soja ya yawaita, duwatsu suka zama maɓoya. A 1863 jihar ta kafa dakarun tsaron gida, aikinsu har da farautar waɗanda suka gudo. A watan Janairu na shekarar nan sojan Kudu suka harbe mutum 13, har da yara, a wani kwari da ake kira Shelton Laurel, bisa zargin goyon bayan Arewa.

Cikin wannan hali Frazier ya ajiye tauraronsa, Inman, wanda ya samo daga labarin wani kakansa na dangi. An ji wa Inman rauni a wuya, ya sulale daga asibiti, ya kama hanyar gida da ƙafa don ya koma wurin Ada, 'yar wani limamin coci. Ita kuma Ada mahaifinta ya rasu ya bar ta da gona ba ta san ko riƙon fartanya ba, sai wata yarinya mai suna Ruby ta zo ta koya mata zaman duniya. Mahaifin Ruby, Stobrod, shi ne makaɗin littafin. Mashayi ne, gujajjen soja, wanda ya yi watsi da 'yarsa tun tana ƙarama. Wata rana a sansani aka kira shi ya yi wa wata yarinya da ke bakin mutuwa kiɗa, ya ƙare 'yan taken da ya iya, ta ce ya ƙirƙiro nasa. Daga ranar goge ya zame masa abin bauta. Da hannunsa ya sassaƙa gogensa, ya jefa ƙarar wutsiyar maciji a cikinsa. Abokin tafiyarsa, Pangle, wani bawan Allah mai ƙarancin wayo, shi ke kaɗa masa banjo.

Mazauna duwatsu da gogensu

Turawan da suka cika waɗannan duwatsu a ƙarni na 18 yawancinsu sun fito daga arewacin Ailan da Sikotilan da Ingila, tare da wasu Jamusawa. Ƙasar kuwa ta ƙabilar Cheroki ce, waɗanda aka kori akasarinsu zuwa yamma a 1838. Baƙin sun zo da abu biyu masu sauƙin ɗauka: gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da dogayen waƙoƙin labari waɗanda ake rerawa da baki zalla. Waƙoƙin suna ba da labarin kisan kai, da cin amana, da masoyan da aka raba, kuma mata ne suka fi riƙe su, uwa ta koya wa 'ya a bakin murhu.

Abin da ya sa muka san su sosai shi ne aikin wani Baturen Ingila, Cecil Sharp, da mataimakiyarsa Maud Karpeles. Tsakanin 1916 da 1918 sun zaga duwatsun nan suna rubuta waƙoƙi daga bakin mutane, suka tara wajen 1,600. Wata mata guda, Jane Gentry ta garin Hot Springs, ta ba su kimanin 70. Sharp ya yi murna ƙwarai, don ya tarar da waƙoƙin da suka kusa ɓacewa a Ingila suna nan da ransu.

Sai dai abin da mutum ya fita nema shi idonsa ke gani. Sharp ya zo neman tsohuwar Ingila ne, saboda haka bai kula da waƙoƙin ibada ba, kuma da ƙyar ya tsaya a ƙofar baƙar fata. Littafinsa ya taimaka wajen kafa wata fahimta da ta daɗe, wai kiɗan duwatsun nan gadon Turawa ne tsantsa wanda bai gauraya da kome ba. Banjon da ke hannun Pangle ya isa ya rushe wannan magana.

Banjo ɗan Afirka ne

A nan ne labarin ya taɓo mu. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo a tsibiran Karibiyan, bisa fasalin kayan kiɗan da suka baro a gida. Wani likita, Hans Sloane, ya je Jamaika a 1687, ya ga bayi suna kaɗa wani abu na duma da fata da tsirkiya, ya sa hotonsa a littafinsa na 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a bayaninsa kan jihar Birjiniya cewa daga Afirka baƙaƙe suka zo da wannan abin kiɗa.

Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ya ga ɗan'uwan banjo na farko: ƙwarya, an rufe ta da fata, an soke sanda, an ɗaura tsirkiya. Masu bincike sun fi nuna wani abin kiɗa na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya mai suna akontin, saboda yana da gajeriyar tsirkiya wadda ake taɓawa da babban yatsa, kuma ana bugunsa da bayan farce ana saukar da hannu ƙasa, daidai yadda tsofaffin makaɗan duwatsun Afalashiya suke yi. Gurmi da molo da garaya duk 'yan wannan babban gida ne, ko da yake ba kai tsaye banjo ya fito daga cikinsu ba.

Yadda ya shiga hannun Turawa labari ne mai ɗaci. Wani mutumin Birjiniya, Joel Sweeney, ya koya daga bayi, ya fara hawa dandali da shi a shekarun 1830, fuskarsa shafe da baƙin toka yana kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Daga 1843 irin wannan wasa ya zama babbar sana'a a Amurka, aka shiga ƙera banjo da katako a maimakon duma. Waƙar nan Dixie, wadda ta zama kamar taken sojan Kudu, a irin wannan dandali aka fara yin ta a 1859, mai ita kuma, Dan Emmett, mutumin Ohayo ne, watau ɗan Arewa. Ƙanen Sweeney, Sam, shi ne makaɗin banjo na Janar Stuart, shugaban mahayan Kudu. Mai karatu ya duba wannan al'amari: sojan da ya fita kare bauta, da kayan kiɗan bawa yake ɗebe kewa da dare.

Haɗuwar goge da banjo, wadda ita ce zuciyar kiɗan duwatsu, a hannun bayi ta fara. Frazier bai ɓoye wannan ba, don ya nuna Stobrod yana bin makaɗa baƙar fata a birnin Richmond yana ɗaukar salonsu. Abu na farko da zan kasa kunne in ji ke nan: ko fim ɗin ya bar wannan alama, ko ya share ta. Masu sharhi da dama sun soke shi a kan cewa bayi ba su cika fitowa a cikinsa ba, alhali a kansu aka yi yaƙin.

Waƙar coci mai siffa huɗu

Kashi na uku shi ne waƙar ibada. A ƙauyukan Amurka na wancan zamani coci ba ta da kuɗin sayen molon Turawa, mutane kuma ba su iya karanta rubutun kiɗa ba. Sai malaman waƙa suka ɓullo da dabara. A wani littafi na 1801 aka ba kowace gaɓar murya siffarta: mai kusurwa uku ita ce fa, mai kama da ƙwai ita ce sol, mai kusurwa huɗu ita ce la, mai kama da lu'ulu'u ita ce mi. Manomi yana ganin siffa ya san inda zai ajiye muryarsa. Malami yakan sauka a ƙauye ya yi mako biyu yana koyarwa, ya wuce gaba.

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne The Sacred Harp, wanda B. F. White da E. J. King na jihar Jojiya suka fitar a 1844. Sunan yana nufin molo mai tsarki, molon kuwa muryar ɗan Adam ce, don ba a haɗa ta da kowane kayan kiɗa. Mawaƙa sukan zauna sahu huɗu suna fuskantar juna, a bar fili a tsakiya. Kowa yana da damar ya shiga filin ya ja waƙa ɗaya, yana kaɗa hannu sama da ƙasa. Da farko a rera sunayen siffofin, sa'an nan a shiga kalmomin. Ba 'yan kallo, ba tafi, kuma ba a rage murya.

Don fim ɗin, an je wata ƙaramar coci mai suna Liberty a garin Henagar na jihar Alabama aka ɗauki muryar mutanen da suka gaji wannan waƙa iyaye da kakanni, mawaƙi Tim Eriksen kuma ya koya wa 'yan wasan yadda ake yi. Biyu daga cikin waƙoƙin suka shiga faifan. Ɗaya, mai suna Idumea, Charles Wesley ya rubuta kalmominta a 1763, karinta kuma ya fito a littafin Ananias Davisson na 1816. Tambaya take yi a kan mutuwa da inda rai zai nufa bayanta.

An ɗora wannan waƙa ne a kan yaƙin da ya buɗe fim ɗin, watau Yaƙin Rami na ranar 30 ga Yuli, 1864, a bakin garin Petersburg. Sojan Arewa, waɗanda a gida mahaƙan kwal ne daga Fensilbaniya, suka haƙa rami mai tsawon ƙafa 511 har ƙarƙashin sansanin Kudu, suka cusa albarushi mai nauyin laba 8,000, suka tayar da asuba. Ƙasa ta buɗe. Maimakon su kewaye ramin, sai mayaƙan Arewa suka afka cikinsa, suka kasa fita, aka yi ta harbinsu daga sama. Arewa ta yi hasarar wajen mutum 3,800 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu. Cikinsu akwai sojoji baƙar fata da yawa waɗanda aka kashe bayan sun ajiye makamai. Wannan wuri na fi ɗokin gani, don in ji yadda muryar manoma masu ibada za ta zauna a kan irin wannan ɓarna.

Amma ɗalibin tarihi yana da 'yar magana a nan. A duwatsun Karolina littafin William Walker, Southern Harmony na 1835, shi ya fi yawo, The Sacred Harp kuwa ƙarfinsa a Jojiya da Alabama yake. Bugu da ƙari, yawancin waƙoƙin littafin murya uku aka rubuta su da farko, sai a bugun 1911 aka cika ta huɗu a mafi yawansu. Ashe abin da za mu ji jikan abin da Inman ya ji ne, kama ce ta jini, amma ba shi ne ba.

Waƙa a bakin soja

Sojan ɓangarorin biyu waƙoƙin kewar gida suka fi so a kan na zuga. Shahararren misali shi ne daren 30 ga Disamba, 1862, a bakin kogin Stones na jihar Tenesi. Rundunonin biyu sun kwana kusa da juna, 'yan badujalar kowane ɓangare suna mayar wa juna martani da taken nasu. Can sai wani ɓangare ya ɗauko Home, Sweet Home, tsohuwar waƙar begen gida ta 1823, ɗaya ɓangaren ya karɓa, dubban mutane suka rera tare. Gari na wayewa suka faɗa wa juna, kuma kafin a tashi daga wannan yaƙi fiye da mutum 23,000 sun mutu ko sun ji rauni ko sun ɓace.

Wannan ya nuna iyakar abin da waƙa take iyawa, kuma Frazier ya san haka. A littafin, dakarun tsaron gida sun riski Stobrod da Pangle a daji, suka zauna suka saurari kiɗansu har jikinsu ya yi sanyi, da aka gama suka tsayar da su a jikin itace suka harbe. Idan fim ɗin ya sa kiɗa mai daɗi ya lulluɓe wannan wuri har mai kallo ya manta da mugunta, to ya ci amanar littafin.

Abin da ke cikin faifan

Anthony Minghella ne ya shirya fim ɗin, kuma mafi yawansa a ƙasar Romaniya aka ɗauka. Gabriel Yared, haifaffen Berut, ya tsara kiɗan da ke bin labari. Waƙoƙin gargajiya kuwa an danƙa su ga T Bone Burnett, wanda faifan da ya haɗa wa fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na 2000 ya ci babbar kyautar Grammy a 2002, ya kuma sa Amurkawa suka waiwayi kiɗan ƙauyensu.

Da na duba jerin, sai na ga ya rabu uku. Akwai tsofaffi na haƙiƙa, irin su Idumea da Wayfaring Stranger, wadda Jack White ya rera. Akwai sababbi da aka ɗinka musu tsohuwar riga: ɗaya ta Sting, ɗaya ta Elvis Costello da Burnett, duka biyu a bakin Alison Krauss, duka biyu kuma sun shiga takarar Oscar. Sa'an nan akwai wadda ta ɓata hanya, watau Sittin' on Top of the World, wadda wasu makaɗa baƙar fata da ake kira Mississippi Sheiks suka fara sa wa a faifai a 1930, shekara 65 bayan ƙare yaƙin.

Ban ce wannan laifi ne ba. Ba wanda ya ɗauki muryar mawaƙan duwatsun nan a 1864, domin sai a 1877 Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar magana ta kuma maido da ita, kiɗan duwatsu kuwa sai a shekarun 1920 ya fara shiga faifai sosai. Duk mai son ya maido da sautin wancan zamani dole ya bi ta bakin jikoki, ya cike giɓi da hasashe. Inda laifi yake shi ne mai sauraro ya tashi yana zaton duk abin da ya ji tsoho ne. Fim yana da ƙarfin da littafin tarihi ba shi da shi, abin da ya sa a kunnen mutane shi ke zama gaskiya a wurinsu.

Kammalawa

Na tsawaita a kan kiɗan wasu mutane ne don tambayar tana jiranmu a gida. Mu ma muna da littafin yaƙi, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, yana ba da labarin faɗan mutanen Kwantagora da Turawa. Ran da wani ya tashi mayar da shi fim, me zai sa a kunnenmu? Zai je ya nemi masu tambari da kakaki da 'yan kirarin da suka gaji abin, kamar yadda aka je Henagar, ko kuwa zai zauna a ɗaki da fiyano ya haɗa abin da ya sawwaƙa? In ma ya tafi neman, wa zai tarar? Mutanen Alabama an same su ne don ba su daina taruwa suna rerawa ba, kuma wasu sun ɗauki wahalar rubutawa da ɗauka a faifai. Tsofaffin da suka san taken yaƙi na garuruwanmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowannenmu kuma yana yawo da rikoda a aljihunsa, cikin wayarsa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk mai zuwa gida hutun nan ya nemi tsoho ɗaya ya zauna da shi, ya ɗauki abin da ya sani, ya rubuta sunan garin da ranar da wanda ya koya masa. Kada kuma mu yi irin ta Sharp, mu ɗauki na fada mu bar na maharba da 'yan tauri da matan da ke daka. Ni dai ranar nunin ina sahun gaba da takarda da alƙalami, kuma abin da kunnena ya jiyo zan kawo muku a fitowa ta gaba.